Kira-Ni da Maɓallin Gwada

Wani ne fa, ku matso ku ji, mai rubuta manhaja a wani kamfanin katifa. Kamfani babba, katifa iri-iri, ga filo, ga sito mai faɗin filin ƙwallo. Shi gogan naku shi ya gina API ɗin kamfanin. Kada sunan ya ba ku tsoro, taga ce kawai a cikin kwamfuta. Mai saye ya shiga wani kanti yana son katifa, sai manhajar kantin ta leƙo ta tagar nan ta ce a kai katifa kaza gida kaza. Saƙon ya faɗa sito, a ɗora a mota, direba ya kai. Ba waya, ba takarda, ba gaisuwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk duniya babu wanda ya san yadda ake magana da tagar nan sai shi. Bai taɓa rubuta ko layi ɗaya na bayani ba, komai a kansa yake. Kan nan kuwa, Allah na tuba, rariya ne. Abin da ya zuba da safe, kafin rana ta take ya tsiyaye. Mutumin da lambar wayarsa ma sai ya duba katinsa kafin ya ba ka.

Duk kantin da zai haɗa manhajarsa da tasu sai ya kira shi. Yana cin abinci, waya. Yana wanka, waya. Shi kuwa daɗi yake ji, yana ganin kamfanin a wuyansa yake rataye. Ka tambaye shi komai, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kira ni kawai." Har sunansa na yanka ya ɓace a ofis, kowa Kira-Ni yake ce masa.

Rannan wani babban kanti ya kira shi ya kira shi bai samu ba, ashe wayar na cikin aljihun wandon da aka jiƙa. Kantin ya yi fushi, ya koma wani kamfani. Manaja ya aika a kira shi.

"Zauna," in ji Manaja. "A'a, tsaya ma, ba daɗewa za ka yi ba. Ka san manhajar nan da muka saya ta kula da API?"

"Na sani, Yallaɓai. Ai ni na sa mata hoton kamfani."

"Sannu da ƙoƙari. A cikinta kowane aiki da akwatin bayaninsa a ƙasa. Yin oda da akwatinsa, duba oda da nasa, soke oda da nasa. Duk na buɗe, fari fat, ko ɗigo babu. Kafin ƙarshen mako, ko dai ka rubuta bayanin nan, ko ni in rubuta maka takardar sallama. Ni kuma ina da saurin rubutu."

Kira-Ni ya fito yana murmushi. Wai wannan ne aikin? Ya zauna, ya buɗe manhajar, ya ciro katinsa ya kwafi lambar wayarsa. A akwatin farko ya rubuta, "Kira ni," ya manna lambar. A na biyu haka. A na uku haka. Kafin shayinsa ya huce ya gama. Ya koma wurin Manaja yana taku ɗai-ɗai.

Ihun da Manaja ya yi, har mai gadi sai da ya leƙo.

"Misali nake so! Misalin da ko kakata ta gani za ta gane! Ka cike oda guda tun daga sama har ƙasa, mutum ya gani ya kwaikwaya. Kuma ka kunna maɓallin nan na Gwada, mai karatu ya danna ya ga abin yana aiki da idonsa. Fita!"

Gogan naku ya dawo, ya naɗe hannun riga, ya kama akwatin yin oda. Kaya: katifa babba, mai taushi. Adadi: ɗaya. An biya? Ya sa e, don kada misali ya zo da rigima. Sai adireshi. Ya rubuta gida kaza, layi kaza. API ɗin ya tofar. Ya ƙirƙiro wani adireshin mai kama da gaske, nan ma ya tofar. Sai ya tuna ashe shi da kansa ya koya masa kada ya karɓi adireshin ƙarya.

"Ka ga aikin maza," ya ce, yana shafa kwamfutar. "Ko ni ban isa in yaudare shi ba."

Ya ce bari ya sa adireshin ofis. Ya ɗaga yatsu daga kan kwamfuta. Shekara da shekaru yana zuwa ginin nan, bai san lambarsa ba, ƙafarsa ce kawai ta san hanya. Adireshi ɗaya tak ya haddace a duniya, shi ne na gidansa, shi ma don matarsa ta sha sa shi maimaitawa. Ya rubuta. API ya karɓa nan take.

Sai manhajar ta yi masa tambaya ta ƙarshe: idan an danna Gwada, ina za a tura odar? Kwamfutar gwaji, ko kwamfutar gaske?

Kwamfutar gwaji tana nan a lungu, ƙura ta rufe ta. Tun da aka sayo butar shayi ta lantarki aka zare wayarta, don soket ɗin ɗaya ne. Kira-Ni ya tashi ya nufi lungun. Matar da ke amsa wayar kwastomomi, wadda ita ce uwar butar nan, ta bi shi da ido ta saman tabarau.

"Ina zuwa, Kira-Ni?"

"Yaya, soket ɗin zan ɗan ara."

"Taɓa butar nan ka ga yadda ake yi. Ruwan ko tafasa bai yi ba, ga mutane riƙe da kofuna."

Ya waiga. Gaskiya ne, ofis gaba ɗaya an zuba masa ido, kowa da kofi a hannu. Ya dawo kujerarsa sumui-sumui, ya zaɓi kwamfutar gaske.

"Ai misali ne kawai," ya ce wa kansa. "Wa zai ɗauki misali da gaske?"

Ya danna Wallafa. Sauran akwatunan kuwa, na duba oda da na soke oda, ya ce gobe ma rana ce, ya bar su yadda suke.

Manaja ya buɗe shafin farko, ya ga rubutu ya cika akwati, ga maɓalli kore yana sheƙi. Ya danna. Rubutu ya fito: An karɓi oda.

"Kai! Ka ga abu kamar sihiri!" Ya sake dannawa. An karɓi oda. Ya kira matar buta ita ma ta danna. Nan take ya aika wa kantuna duka da shafin, ya sa aka kunna babbar talabijin ta bango, aka ɗora mata layin da ke nuna yawan masu amfani da API. Layin ya fara hawa a hankali. Manaja ya jawo kujera ya zauna a gabansa kamar mai kallon ƙwallo.

"Kira-Ni, ka ga layin nan? Shi ne aikinka. Yana sama, kana sama. Ranar da ya sauko, kai ma ka sauka."

Kira-Ni ya washe baki kamar gonar auduga. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, muryarta cike da murna.

"Baban yara! Ashe haka kake? Kai da ko gishiri aka aike ka sai ka dawo da ashana?"

"Me kuma na yi?"

"Daina wasa, ta iso! Katifar! Sabuwa dal a ledarta! Direban ya ce an ma biya!"

Ku sani, katifar gidan nan ta daɗe da yin rami a tsakiya, duk wanda ya kwanta a gefe, a tsakiya yake farkawa. Kullum yana alkawarin sabuwa, kullum yana mantawa. Ya yi tunani kaɗan. Ya leƙa Manaja, ya ga yana masa murmushi. Shi ke nan, ya gane. Kyauta ce kamfani ya yi masa a ɓoye saboda ƙwazo.

"Ke dai bari," ya ce, yana gyara zama. "Ai ƙaramin aikina ke nan. Ni ba na son surutu ne kawai."

Bai ajiye wayar da kyau ba ta sake kira.

"Wata ta zo! Ta Inna ce, ko? Wayyo, Baban yara, ka tuna da ciwon bayanta!"

Surukarsa ce Inna, ta zo musu jinyar baya. Matar da tun ranar ɗaurin aure take masa kallon wanda aka yi kuskure. Ta karɓi wayar.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Na yi maka mummunan zato, ka yafe mini."

Kira-Ni kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. "Ba komai, Inna. Yi wa kai ne."

Ta gaba ta zo, aka ce ta yara ce. Ta bayanta aka ce ta ɗakin baƙi, duk da gidan ba shi da ɗakin baƙi. Daga nan murnar ta fara raguwa a muryar matar.

"Baban yara, wai biki za mu yi ne ba ka gaya mini ba?"

"Me kika gani?"

"Falo ya cika. Mun jingina wasu a kicin. Ga wata motar nan tana ribas."

Ya ɗaga kai ya kalli talabijin. Layin ya ɗan yi tsalle. Wayarsa ta yi ƙara. Layin ya sake tsalle. Wayarsa ta sake ƙara. Ya kalli layi, ya kalli waya, ya kalli butar shayi tana huci a lungu. Sai a lokacin ya gane. Kowane mai rubuta manhaja a kowane kanti, da zarar ya buɗe bayanin sai ya danna Gwada, kuma kowace dannawa katifa ce a ƙofar gidansa.

Hankali ya ce ya kashe maɓallin. To amma in ya kashe, layi zai sauko, ga Manaja a gaban talabijin har ya cire takalmi. Sai gogan naku ya kawo dabara. Ya koma akwatin bayani, ya rubuta da manyan baƙaƙe, ja wur, a saman maɓallin: DON ALLAH DON ANNABI KADA KOWA YA DANNA WANNAN.

Jama'a, kun san ɗan Adam. Rubuta "fenti bai bushe ba" a jikin bango ka koma gefe ka ga yatsu. Masu rubuta manhaja kuwa sun fi kowa wannan ciwon. Wanda ya danna sau ɗaya ɗazu, yanzu ya dawo ya ga me ake ɓoyewa. Wanda ya rufe shafin, abokinsa ya kira shi ya ce zo ka ga wani maɓalli da aka hana taɓawa. Layin ya miƙe tsaye. Manaja ma ya miƙe tsaye.

"Kira-Ni! Wannan jan rubutun, dabarar talla ce? Kai, yaron nan akwai kai!"

"Ɗan abin da aka iya ne, Yallaɓai," ya ce, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Waya. Matarsa.

"Ƙofa ta toshe! Maƙwabcinmu ya zo yi mana magana, an jingina masa katifa, ba mu sake jin muryarsa ba!"

"Ki kwantar da hankalinki, yanzu zan gyara."

Ya koma misalin a guje, ya goge katifa, ya sa filo. Filo ai ƙarami ne, ko nawa aka kawo za a samu inda za a cusa. Ya sauke ajiyar zuciya, har ya kurɓi shayi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Katifa sai mota, filo kuwa ko mai babur ya ɗauka. Sito ya saki masu babur gaba ɗaya.

"Baban yara, yanzu kuma ta katanga ake jefowa! Ɗaya ya faɗa cikin tukunya! Inna ta ce a tambaye ka, kai nawa kake zaton muna da shi a gidan nan?"

Nan fa ido ya raina fata. Kira-Ni ya dafe kai da hannu biyu, ya matsa, ya matsa, sai ga wata dabara ta fito, wadda ta fi duk na baya kyau. Adadi! Ya mayar da adadin sifili. Kowa ya danna ya more, layi ya hau, Manaja ya yi murna, sito kuma ya aika da babu. Ya mayar da katifar ma cikin misalin, tunda babu ce za a kai. Ya wallafa. Daɗi ya kama shi har ya juya a kan kujerarsa sau biyu, ya ce wa matar buta, "Yaya, wani lokacin ni kaina tsoron kaina nake ji."

To abin da rariya ta zubar shi ne wannan. Can baya, wani babban dila ya taɓa kiransa, shi Kira-Ni yana zaune a kujerar aski, ya ce shi ba ya son ƙirge-ƙirge, yana son hanyar da zai ce a ba shi duk abin da ke sito. Kira-Ni, da rabin kai a aske, ya ciro kwamfuta ya gyara masa: in aka sa sifili, ma'anarsa a kwashe duka. Bai rubuta a ko'ina ba. Ya ce in ana bukata a kira shi.

Wani bawan Allah a wani kanti ya danna Gwada.

Layin nan ya tashi, ya huda saman talabijin, ya ɓace. Manaja ya yi kabbara, ya rungume Kira-Ni, ya ɗaga shi sama, ya sauke. Aka tafa. Matar buta ta zuba masa shayi da hannunta, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Tun da aka kafa kamfanin nan ba a taɓa ciniki irin na yau ba!" in ji Manaja. "Daga gobe ofishinka daban, da labule!"

Wayar Kira-Ni tana ta kuka a aljihu, ya danne ta da hannu. Yana cikin dannewa sai ga mai sito ya shigo, hula a karkace, makullai a hannu. Ya ajiye su a kan teburin Manaja.

"Yallaɓai, na zo a ba ni hutu. Sito ya ƙare. Tsintsiya ce kawai ta rage, ita ma don na riƙe ta ne."

"Madalla! Wane dila ne ya kwashe?"

"Oho. Tun safe dai gida ɗaya ake kai wa. Direbobi har sun daina duba takarda."

"Gida ɗaya?"

Mai sito ya faɗi adireshin. Manaja ya juyo a hankali.

"Kira-Ni. Ranar sunan ɗanka, ba nan muka je ba?"

"Yallaɓai, unguwar tana da kama da..."

"Shiga mota."

Ba su iya shiga layin gidan da mota ba. Tun daga bakin titi manyan motoci ne jere, wasu sun sauke, wasu suna jiran wuri. Katifu sun yi tsiri har sun wuce katanga, gidan ma ba a gani sai eriya. Mutanen unguwa kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Mai wanki ya miƙe a kan ɗaya yana minshari. Teloli sun fito da kekunansu sun zauna a kan taushi. Wani tsoho yana bi yana danna kowace da gwiwa, wai yana zaɓe. Can ƙololuwa, a saman tulin, ga Inna zaune, an tokare ta da filo ta kowane gefe. Yadda ta hau, har yau babu wanda ya sani.

"Ga shi nan!" ta ɗaga hannu. "Ga surukin arziki! Ɗan nan, bayana ya saki!"

Ta wata 'yar kafa tsakanin katifu biyu, muryar matarsa ta fito. "Baban yara, kai ne? In ka shigo gidan nan, Allah ya isa tsakanina da kai! In ka samu hanyar shigowa ke nan!"

Manaja ya daka wa direbobi tsawa. "Ku kwashe! Ku mayar da komai sito, yanzu-yanzu!"

Babban direba ya goge wuya da tawul. "Yallaɓai, ai dokarku ce. Kayan da aka sauke ba ya komawa mota sai an soke odar a kwamfuta. In an soke, wayoyinmu za su nuna. Ba mu ga komai ba."

Manaja ya ja numfashi. Ya dafa kafaɗar Kira-Ni, ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro.

"Saurara. Zancen labule ya mutu. Amma in ka soke odar nan kafin in gama kallonka, gobe ka zo aiki. In ba haka ba, ka zaɓi ɗaya a nan ka kwanta, ka huta ke nan."

"An gama, Yallaɓai. Abu mai sauƙi."

Kira-Ni ya zauna a bakin wata katifa, ya buɗe kwamfuta a cinya. Ya ɗora yatsu. Ya ɗaga su. Ya sosa ƙeya. Ya kalli sama, ya ga Inna tana masa murmushi. Ya sake sunkuyawa, ya buɗe wani shafi, fuskarsa ta ɗan washe. Ya ciro waya, yana kallon kwamfuta yana danna lambobi ɗaya bayan ɗaya, ya kara a kunne. Ya yi tsaki. Ya sake dannawa, ya sake karawa. Ya tashi ya koma gefe ko sabis ne, ya ɗaga wayar sama, ya dawo.

"Wai me kake yi?" in ji Manaja.

"Yallaɓai, yadda ake sokewar ne ya ɗan kwanta mini. Amma kada ka damu, na duba bayanin da ke cikin manhaja."

"To me bayanin ya ce?"

"Ya ba da lambar wani, ya ce a kira shi."

"To me kake jira?"

"Wallahi Yallaɓai na kira har na gaji. Mutumin nan ba shi da mutunci, duk sanda na kira sai a ce yana kan wata wayar."